Gonar Shugaba Ce Ta Ƙarshe

Ina tsaye a bakin gonata a nan Zandam, ciyawa ta kusa shaƙe gero, sai ga samarin ƙungiyar matasanmu sun tunkaro da fartanyoyi a kafaɗa. Ɗana Sadiƙu ne a gaba, don shi suka zaɓa shugaba bana. Na ce alhamdu lillahi, yau gayyar tawa ce. Har na aika gida a dama fura.

Suka gaishe ni cikin ladabi, suka wuce. Wallahi wucewa suka yi!

Na ƙwala masa kira. "Kai Sadiƙu, ba ka ga halin da gonar ubanka take ciki ba?"

Ya dawo ya durƙusa. "Na gani, Baba. Amma dokar ƙungiya ce, gonar gidan shugaba ita ake nomewa a ƙarshe. Yau ta Malam Audu ce, ciwon ƙafa ya kwantar da shi."

"Wa ya kafa muku wannan dokar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni na kawo shawarar, Baba."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Na duƙa na kama nomana ni kaɗai ina ta mita. Amma kafin in kai ƙarshen kunyar farko, sai ga ni ina murmushi. Yaron da bara ko aike sai an yi da gaske yake zuwa!

Furar kuwa, gonar Malam Audu na sa aka kai musu.

Jama'a, cikin manyan da muke zaɓa, wa kuka taɓa gani ya bar gonarsa a ƙarshe?