Shingen da Isufu Bai Bar Mini Ba

Isufu ya rasu. Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina kan keken ɗinki da wuyan riga a hannu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mumuni, wani ɗan fadarmu, shi ya kira ni. Kuma zan faɗa muku abin da ya fara tokare mini ƙirji kafin hawaye su zo: yaya aka yi Mumuni ya riga ni ji?

Ga waɗanda ba 'yan Filingue ba, Isufu shi ne mai shagon cajin waya na kusa da tasha. Tare muka tashi, tare muka sha bulala a lekol, makarantar boko. Shi ya kawo wa fadarmu ta shayi wasan ƙwallon nan na waya, wanda kai ne koci. Ba ka taɓa ƙwallo da kanka. Ka jera 'yan wasanka, ka rufe, in lokacin wasa ya yi na'ura ta buga da abin da ka jera. Muka haɗa gasa, har 'yan Bonkuku da Tabla suka shigo.

Ƙungiyata Guguwa. Tasa Shingen Ƙaya.

Ban taɓa cin sa ba. Ko sau ɗaya.

Ni mutum uku nake turawa gaba, kowa ya san halina. Shi kuwa biyar a baya, uku a tsakiya, biyu a gaba suna hamma. Abin da ke ƙona mini rai, kullum sai ya bar gefen hagunsa a buɗe, fili fetal. In tura mai guduna ta nan, sai wani tsohon ɗan baya nasa, wanda duk fada ta ce ya sayar don ba ya iya gudu, ya bayyana a gabansa ya ɗauke ƙwallo. Na yi shekaru ina kallon wannan tsoho, ban gane daga inda yake fitowa ba.

In na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Tela, in na hwaɗa maka, da wa za ni wasa?"

Mutum ne mai daɗin zama da ban haushi a lokaci guda. Wayata ba ta taɓa bin layi a shagonsa ba. Ranar da kiredi, kuɗin waya, ya ƙare mini ana dab da wasanmu, shi ya buɗe mini nasa rezo, wato intanet ɗin wayarsa, ya tsaya a kaina. "Jera mutanenka. Ban son a ce rezo yac ci ka. Ni nika son in ci ka." Na jera, ya ci ni, ya zuba mini shayi na biyu.

Akwai wata al'ada a gasarmu. In mutum zai shiga inda babu rezo, kamar masu tafiya noma wajen Sanam da damina, sai ya bar wa mutum ɗaya kod ɗinsa, lambar sirrin shiga wasan, ya riƙa jera masa ƙungiya. Riƙo muke ce masa. Dokar ita ce, in an haɗa ka da ƙungiyar da kake riƙo, taka ce za ta janye. Kuma wanda ka ba riƙo, duk fada ta san matsayinsa a wurinka. Kamar makullin ɗakinka ne.

Ban taɓa tunanin akwai wani mai riƙon Shinge ban da ni ba.

Ganina da shi na ƙarshe, kafin a kai shi asibiti a Yamai, na je gidansu da la'asar da rigar da na ɗinka masa. Ya rame, rigar ma ta yi masa yawa. Na iske shi a tabarma, Mumuni a gefensa, sun jera ƙwallon aduwa a ƙasa, biyar a baya, ɗaya ya ɗan ja da baya daga layi. Ina yin sallama Mumuni ya share da tafin hannu.

Na gani. Su ma sun san na gani.

Mumuni fa bara waccan ya zo daga Tabla. Ni na koya masa yadda ake canza mai tsaron gida. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa, kuma wannan ma wani haushin ne.

Na zauna har shayi ya huce ina jiran Isufu ya ce, Tela, ga kod. Bai ce ba. Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka kai final. Ina nan ina jiranka bisa hagu."

Na fita ina fushi da marar lafiya. Ban san ba zan ƙara jin muryarsa ba.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta, Mumuni ya ja ni gefe, idonsa jajur. Ya tsuguna ya fara tsintar tsakuwa. Ya ce, "Yaya Habibu, bari in gwada maka yadda yaj jera su. Kai ka cancanta."

Na taka tsakuwar da ƙafa na ce ba na so.

Sai ya ce, "Cewa yay yi kar in yarda riƙo shi je hannunka. In ka riƙe, dole ka janye Guguwa, kuma bana ka kai final."

Na san dokar. Ni da shi muka kafa ta. Amma da ya tambaye ni, da na janye Guguwa ban ko waiwaya ba. Wane kofi? Da ni ne a kan tabarmar nan da ƙwallon aduwa, da ni zai riƙa kira daga gadon asibiti yana tambayar ko tsohon ɗan bayan nan nasa ya warke daga rauni. Ya zaɓa mini final, ya ba Mumuni sauran kwanakinsa. Na san don ni ya yi. Har yanzu ina kishi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya wuce ba.

Ran Asabar ne final. Guguwa da Shingen Ƙaya. Na'ura ba ta san an yi mutuwa ba, za ta busa a kan lokaci.

'Yan grup ɗin gasarmu sun ce a soke a ba shi kofin. Na ƙi. Isufu ba ya karɓar nasarar sadaka. Mumuni ya yi mini alkawari ba zai gusar da ko mutum ɗaya daga inda Isufu ya ajiye shi ba, don haka jerin da zan tarar na hannun Isufu ne, na ƙarshe.

Na riga na jera nawa. Uku a gaba, mai guduna ta gefen hagunsa, kamar kullum. Shekaru ina roƙon Allah Ya ba ni ranar da zan fasa shingen nan. Yanzu tsoro nake ji kada ya fashe, don in na ci, shagon wa zan ruga in yi masa tsiya?

Allah Ya jiƙanka, Isufu. Allah Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Inna da iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ku sa Mumuni a addu'a, shi ya yi jinya. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sauke mini wannan abin da ke ƙirjina, kuma ran Asabar Ya sa tsohon ɗan bayan nan yana wurinsa.