Ranar da Firizar Kawu Ta Tsaya

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin lissafi, ba wanda ya gane abin da nake karantawa a gidanmu. In an tambaye ni sai in ce ina koyon kwatanta halin batir da lissafi, wato yadda yake shan caji, yadda yake sakinsa, da abin da zafi yake yi masa. Inna takan ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kawuna, ƙanin Inna, yana da shagon ƙanƙara da zoɓo a Gwarzo, yana da wani a Kabo, duka da sola suke aiki. Rana ɗaya ya sayo batiransu a wurin mutum ɗaya. Na Kabo ba su taɓa ba shi ciwon kai ba. Na Gwarzo kuwa wata rana su kai har safe, wata rana da yamma firiza ta tsaya, ƙanƙara ta koma ruwa, kuma ba ya iya sanin yaushe. Ya yi faɗa da mai sayar da batiran, ya zargi maƙwabtansa da baki. Da na zo hutu cikin bazara sai ya ce tunda batir nake karantawa, in je in duba, ko da yake a fuskarsa na ga bai sa rai ba.

Ni kuwa kamar an ba ni kujerar Makka. Duk batirin da na taɓa yi wa lissafi a takarda yake, yau ga na gaske.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu a bayan babur ɗinsa, da mita da ma'aunin zafi a jakata. Shagon Kabo tsohon zaure ne na ƙasa a ƙarƙashin darbejiya, in ka shiga har barci yake sa ka. Na Gwarzo kwantena ce ta ƙarfe a tsakiyar rana, hijabina yakan jiƙe kafin in gama awo. Zafin nan yana cin batir, yana kuma sa firiza ta ƙara jan wuta, ga buɗe ta da ake yi kowane lokaci. Na zuba waɗannan duka a kwamfuta, na yi ta gyara lissafin har layin da take zanawa ya hau kan abin da na auna.

Da safiyar ranar kasuwar Gwarzo na same shi yana karyawa, na ce masa, "Kawu, yau firizarka za ta tsaya kafin a kira magariba."

Ya dubi sama, ba gajimare ko ɗaya. Ya ce a rana irin wannan batir ƙoshi yake yi, in bar wasa.

Wunin nan ban iya cin abinci ba. Na zauna a kan benci a ƙofar shagon, kunnena yana kan gurnanin firiza. Duk mai sayen zoɓon da ya sa aka buɗe ta, sai in ji kamar in yi masa godiya. Bayan la'asar rana ta yi sanyi, nauyi ya koma kan batir, ita kuma tana ta gurnaninta. Na fara tunanin lissafina ya kuskure. Kawu ya ɗauki buta zai yi alwala yana yi mini murmushin tausayi, sai na'urar da ke kai wutar batir ga firiza ta yi ƙara, firiza ta yi tsit.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, ni da ban taɓa guɗa ko a biki ba, ina tsalle ina nuna firizar, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Mai tsiren da ke gefe ya zaci kunama ce ta harbe ni. Kawu ya tsaya riƙe da buta, ƙanƙararsa tana shirin narkewa, 'yar yayarsa tana murna. Can dariya ta kama shi, har ya zauna a ƙasa.

"To Malama," ya ce, "tunda kin san ranar mutuwarta, sai ki faɗi maganin."

Maganin ba wuya. Aka yi wa kwantenar rumfar kara, aka gina wa batiran ɗan ɗaki na ƙasa a bayanta, aka ware ƙaramar kula don zoɓo saboda a rage buɗe firiza. Tsayawar ta ragu sosai, ko da yake batir ɗaya ya riga ya gaji, dole aka canja shi.

Labari kuwa ya zaga. Wata tsohuwa daga ƙauyen Jama'a ta zo har gida tana so in duba mata lokacin da akuyarta za ta haihu. Na ce kwamfutata ba ta san awaki ba, ba ta yarda ba. Wani manomin rani daga Dugabau shi ma ya zo, famfonsa na sola ne yake mutuwa da tsakar rana. Wannan kam na bi shi har gona washegari, ina ta yi masa tambayoyi tun daga kan hanya.