Yaren da Ya Rage wa Prabir Sanyal

Shekara talatin da ɗaya Prabir Sanyal ya yi yana koyar da Turanci a sakandaren garinmu, Krishnanagar, amma ba da wannan aka san shi ba. Waƙoƙi yake rubutawa, wasu da yarenmu na Bangla, wasu da Turanci, har mujallun Kolkata suka buga kaɗan. Da la'asar kuma yakan zauna a rumfar mai shayi ta bakin kogin Jalangi yana ba da labari, har shayi ya huce a hannun mutane.

Gidana yana manne da nasa. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a baranda, ni na taya matarsa, Malati, kai shi asibiti. Bayan mako uku ya dawo yana jan ƙafar dama. Da ya buɗe baki, sai Turanci. Yana jin Bangla sarai, amma in ya nemi kalma sai ta ƙi fitowa. Likita ya ce hakan yakan faru.

Malati kuwa a aji huɗu ta tsaya, ba ta jin Turanci ko kaɗan.

"Gopen!" Haka take ƙwala mini kira ta taga. "Zo ka ji abin da Baturenka yake faɗa. Tun ɗazu yake nuna tukunya."

"Boudi," na ce mata, yadda muke kiran matar yaya, "cewa ya yi gishiri ya yi wa kifin yawa."

"Shekara arba'in yana ci bai ce uffan ba. Sai yanzu da ya zama ɗan Landan!"

Shi ma ya yi dariya da gefen baki, sai kuma ga hawaye.

Sau ɗaya na kai shi rumfar shayi. Wani mai sayar da kifi ya ce, "Malam, ƙarasa mana labarin kadan nan da ya tsaya takara." Ya fara, da Turanci. Suka yi ta gyaɗa kai don kunya, sannan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙara zuwa ba.

A hanyar gida ya ce mini, "Gopen, kalmomin duk suna nan a ciki. Ina jin su, fitar ce ta gagara."

Daga nan ya sa Malati ta riƙa karanta masa waƙoƙinsa na Bangla, waɗanda ba ta taɓa buɗewa ba. A hankali take bi, da yatsa. Wata rana ta tsaya cak.

"Kai, wace ce wannan mai gashi har gadon baya?"

Ya nuna ita Malatin.

"Maƙaryaci," in ji ta, ta ci gaba da karatu.

Shekara shida ya ƙara a haka. Kalmomin Bangla da suka dawo masa ba su wuce biyar ba: ruwa, shinkafa, a'a, sunanta, da wani zagi. Da damina ya rasu. Malati ta koma wurin 'yarsu a Durgapur, gidan kuma yanzu kantin magani ne.