Hilda Sprake da Liƙaƙƙiyar Ƙofar Arewa

A garinmu Marlby ba mai son a binne shi arewa da coci sai Hilda Sprake. Tun muna da sauran haƙoranmu ta gaya mini can take son kwanciya, ta yi ta maimaitawa har na haddace.

Kowa ya san abin da ya sa ake gudun wajen. Waɗanda suka gina cocinmu shekara ɗari takwas da suka wuce ba su yi rowar dutse ba. Daga baya attajiran ulu suka ɗora masa hasumiya don a san da zamansu. Bango da hasumiya suka haɗu suka tare rana, arewacin ya zauna cikin inuwa rani da hunturu, ba abin da ke tsirowa sai gansakuka da ciyawa mai ƙaiƙayi. Akwai wata ƙofa a gefen, samanta kamar rabin faifai, an liƙe ta da duwatsu tun kafin kakannin kakanninmu. Tsofaffi sun ce a da ana buɗe ta ranar baftisma, don Shaiɗan ya bar jikin jariri ya fice ta nan. Shi ya sa a gindinta ake binne waɗanda suka kashe kansu, da baƙin da ba a san danginsu ba, da jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba.

Ɗan farin Hilda yana cikinsu. Da safe aka haife shi, kafin limamin coci ya iso ya koma. Tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, mijinta Leonard ya miƙa wa tsoho Tebb mai haƙa kabari ɗan akwatin gawar, aka rufe shi ba addu'a, ba alama. Da ta miƙe, Leonard ya ce kada ya ƙara jin zancen a gidansa. Ba mugu ba ne, irin mazan zamanin ne masu ganin in ba a ambaci ciwo ba ya warke. Tebb ne ya ji tausayinta, ya nuna mata wurin da bakin shebur, hagu da ƙofar.

Ni da ita muke shara da jera furanni a coci kowace Asabar. In mun gama, sai ta tsince ragowar furannin ta zagaya baya, ta sa su a wata kwalbar zuma da ta kafa a wurin. Colin ta sa masa suna, kuma ni kaɗai na taɓa jin sunan a bakinta.

"Ke Hilda, sanyin wurin nan zai kashe ki kafin lokacinki," nake ce mata.

"To da na rage wa Tebb wahala, Nora. Sai ya tura ni da ƙafa kawai."

Da Leonard ya rasu, ɗansu Graham, wanda suka samu daga baya, ya zo daga birni ya sa aka kafa dutsen kabari mai sheƙi a kudu, daf da babbar ƙofa, inda rana ke wuni. An rubuta sunan uban a sama, aka bar rabin ƙasa fayau.

"Ga naki gurbin nan, Mama, kusa da Baba."

Hilda ta ce ta gode. A hanyar gida na tsaya mata a gaba.

"Bakinki fa? Ɗinke shi aka yi?"

"Yaron don ya faranta mini ya yi. Bai ma san yana da yaya ba."

"To ki gaya masa mana!"

"In ya zo Kirsimeti."

Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Na ja ta muka je wurin sabon limami, wani mai kirki. Ya ce wannan al'adar ta mutu tuntuni, ba abin da ya hana a binne ta a can. Har ya bi mu cikin ciyawar ya yi wa Colin addu'ar da ba a yi masa ba, Hilda na kuka kamar ranar aka haife shi. Amma ya ce magana tana hannun iyali, ta gaya wa ɗanta. Shirun da Leonard ya koya mata ya riga ya zama jikinta. Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya fi haushin yawa.

Wata bazara ta faɗi a kicin, harshenta ya karye, ba ta ƙara cewa komai ba har ta cika.

Kafin a binne ta, na kama hannun Graham na zagaya da shi gindin ƙofar arewa. Lokacin an ajiye tankin mai da kwandunan shara a jikin bangon.

"Nan ta ce a sa ta. Yayanka na nan ƙasa."

Ya dubi ƙasar, ya dubi kwandunan, idonsa ya kaɗa.

"Haba, Anti Nora. A nan? Kusa da shara? Me mutane za su ce da ni?"

"Mutanen ne za su kwanta a ciki?"

"Da tana so da ta gaya mini. Uwata ce fa."

Gaskiyarsa ce kuwa, ba ta gaya masa ba.

Ranar jana'iza rana ta fito tas. Kowa na cewa madalla, ga ta gefen mijinta. Ni kuwa ina kallon bangon, ina auna cewa coci guda ne tsakaninta da ɗanta, kuma ƙofar da za ta bi an toshe ta.

Na ci gaba da kai furannin, har gwiwa ta kwantar da ni hunturu guda. Da na koma, an yanke ciyawar ƙasa-ƙasa, an baje wurin da tsakuwa don motar mai ta riƙa shiga. Kwalbar na same ta a cikin kwandon shara. Na ciro ta na goge da gefen riga, na tsaya hagu da ƙofar ina dube-dube. Na matsa gaba kaɗan, na dawo baya. Tebb ya mutu, Hilda ta mutu, babu wanda zan tambaya.