Duwatsu Arba'in da Ɗaya da Ka Bari, Baba Adanu

Baƙin da jirgi ke saukewa a Maldibs sukan ɗauka farin yashi da shuɗin ruwa ne kawai arzikinmu, kamar jiya aka halicci tsibiran. Har 'ya'yanmu sun fara ɗauka haka. Mutumin da ya fi kowa ƙaryata wannan zato a tsibirinmu na Hirifaru, Baba Adanu Fulu, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan la'asar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, kai kaɗai ka rage mai karanta tsohon rubutun da kakanninmu suka sassaƙa a duwatsun murjani na maƙabartar bakin teku. Duk baƙon da ya sauka, kafin ya cire takalmi ya shiga ruwa sai ka ja shi can. Ka nuna masa mai tsinin kai na namiji ne, mai zagayayyen kai na mace, sannan ka kira sunan mai shi kamar kana gaishe da maƙwabci. Ka taɓa ce mini, “Malama Sanfa, kin ƙoshi da boko, amma kakarki na kwance nan ba ki iya karanta sunanta ba. Zauna!” Na zauna a yashi, ni da nake koyar da aji uku, ka kama yatsana kana bi da shi kan haruffa.

Bara teku ta ci katangar maƙabarta. Samarinmu suka tashi da kyakkyawar niyya su tare ruwa daga masaukin baƙi, suka kwashi duwatsun da igiyar ruwa ta kifar suka jera. Ba su juya ko ɗaya sun ga rubutun ba. Kai ka juya. Na uku na mahaifiyarka ne. Ba ka zagi kowa ba, sai ka ce wa shugabansu mai suna Kudu, “Kai Kudu, uwata ta yi wa garin nan aiki tana raye. Bar ta ta huta mana.” Kudu ya durƙusa yana kuka, kai kuma kana bubbuga bayansa.

Tun daga ranar, duk janyewar ruwa kana cikin teku kana ciro sauran. A nan murjani ya yanke ka a ƙafa. Na ce mu tafi asibitin babban tsibiri, ka ce, “Bari in gama layin matan, sun fi jimawa suna jira.” Da ciwon suga a jikinka, ƙafar ta ruɓe. Ranar da ka yarda aka sa ka a kwale-kwale, ba ka kai gaci ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Don Kamana da 'ya'yanka huɗu. Allah Ya ba ku haƙuri.

Duwatsu arba'in da ɗaya ne ba a karanta ba, kuma iskar damina saura mako shida. Ni da kyar nake haɗa baƙi, rabin haruffan ma ban kai gare su ba. Ɗalibaina, da kai baƙon da ke karanta wannan, ku zo ranar Asabar idan ruwa ya janye. Kowa ya riƙo ɓawon kwakwa, ya goge gansakukar dutse guda. Abin da muka iya mu karanta, wanda ya gagare mu mu zana shi yadda yake, kafin teku ta riga mu.