Shekarar da Albasar Kaka Ta Ruɓe

Jiya a kasuwar Goronyo na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Shekarar da ƙafarta ta kumbura, ita ce shekarar da albasarta ta ruɓe a rudun da muka adana ta. Ta maƙwabcinmu kuwa ko ɗaya ba ta taɓu ba. Ina kallon jakunansa suna wucewa da buhuna, hassada tana cin raina.

Na ce, "Kaka, ke da ba ki fashin sujada, mi kika yi ma Allah?"

Tana kan tabarma tana tsince masu ɗan kyau, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Jikana, Yesu bai yi laifin komi ba, aka kafa mai ƙusa. Bai yi muna alkawarin rudu cike ba, ya dai ce yana tare da mu. Tashi ka yi ma maƙwabcinmu barka."

Na je ina cije leɓe.

Bana ruduna cike yake, amma har yanzu ina leƙen na wasu. Sai dai Kaka nake kishi yanzu. Ubangiji ya ba ta hutawa, ni kuma ya sam mini irin zuciyarta.