Katin Asibitin Malam Gwadabe

Duk unguwar Hashimi babu wanda bai taɓa cin arzikin Malam Gwadabe tela ba. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Yana ba da aron tsani da dutsen guga, amma abin da ya fi yawo cikin kayansa shi ne katinsa na asibiti. Baƙin da ke haya a Suleja suna aiki a Abuja ba su da lokacin bin layin yankar kati, sai su biyo ta shagonsa.

"Ɗauki mana," in ji shi. "Likita ciwo yake dubawa, ba suna ba."

Haka aka yi shekaru, fayil ɗinsa na kumbura, shi kuwa yana ɗinkinsa yana kurɓar shayi mai kaurin suga. Bai san an kwashe takardun asibitin kaf an zuba a kwamfuta, an haɗe da na sauran manyan asibitoci ba.

Da 'ya'yansa suka biya masa kujerar Makka, murna har da hawaye. Takardar shaidar lafiya kawai ta rage. Likitar, Dakta Mojisola, ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta dubi ƙafafunsa.

"Baba, a nan an ce an yanke maka ƙafar hagu a Minna. Kana da olsa da asma da ciwon suga. Bara kuma ka haifi tagwaye."

"Luba ce, matar mai gyaran janareto," ya ce a hankali. "Suna nan lafiya."

Likitar ba ta yi dariya ba, sai dai ta ɗan jima da fuskarta a bayan kwamfutar. Ta ce ba za ta sa hannu ba sai kowane mai ciwo ya zo ya amsa nasa.

Gwadabe ya rufe shago ya shiga farauta, hankalinsa a tashe, don ana gab da rufe tantance maniyyata. Ya ɗauko Gambo mai sanda daga Diko, ya lallaso mai asma daga Sabon Wuse. Luba ta zo da shaidunta biyu, ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa. Kowa ya karɓi ciwonsa, aka buɗe masa nasa fayil. Ciwon suga kaɗai aka rasa mai shi.

"Wannan na tuna," in ji Gwadabe. "Na taɓa zuwa da zazzaɓi suka ɗebi jinina, suka ce suga. Na ce musu na wani ne cikin masu aro."

Dakta Mojisola ta kama yatsansa ta soka allura, ta duba na'ura.

"Makka za ka je, Baba, in ka fara shan magani yau. Amma wannan naka ne."

Ya dubi ɗigon jinin. Duk cikin masu ciwon nan, shi kaɗai ne bai taɓa jinyar ciwonsa da katin Gwadabe ba.